A Bar Rana Ta Raka Kumbo Zuwa Inda Ƙarfinta Ya Ƙare

Ranar 14 ga Oktoban 2024 aka harba kumbon Europa Clipper daga jihar Fulorida ta Amurka, ya kama hanyar duniyar Jupita, inda ake sa ran zai isa a 2030. Bayan 'yan kwanaki muna zaune da wani abokina da ya karanci aikin injiniyan lantarki, sai na nuna masa hoton kumbon da fikafikansa biyu a buɗe, waɗanda tsawonsu daga wannan baki zuwa wancan ya haura mita 30. Ya ƙura wa hoton ido, ya yi tsaki, ya ce, "Malam, wannan ai kwalliya ce. Wa zai ɗauki farantin sola ya kai shi inda rana ta koma kamar fitilar da aka hango daga nesa? Tsoron masu zanga-zangar ƙin jinin nukiliya ne kawai ya sa su yin haka."

Ban gama juya maganarsa a raina ba sai na fara jin kishiyarta daga wasu mutanen. Su kuma cewa suke yi tunda sola ta kai Jupita, zancen ɗora wa kumbo makamashin nukiliya ya ƙare, sai a haramta shi kowa ya huta.

Duka maganganun biyu sun dame ni, domin kowannensu ya mayar da tambayar lissafi ta koma tambayar aƙida. Ra'ayina shi ne, daga nan har zuwa Jupita farantin sola ne ya kamata ya zama zaɓin farko, ko da kuwa zai wahalar da masu ƙera kumbon, domin ɗan abin da ake da shi na plutoniyom, wato makamashin nukiliyar da ake ɗora wa kumbo, bai kai a riƙa kashe shi a inda rana za ta iya aikin ba. Daga Zuhal, duniyar da ke gaba da Jupita, zuwa gaba kuwa, duk wanda ya ce a dogara da rana bai zauna ya yi lissafin ba.

Lissafin da ba ya jin lallashi

Wanda ya taɓa karatu da fitila a cikin duhu ya san abin nan ko da bai san sunansa ba. Idan ka ja littafin baya har nisansa da fitilar ya ninka sau biyu, hasken da ke sauka a kan shafin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan nisan ya ninka sau uku, sai ya koma ɗaya cikin tara. Hasken ɗaya ne, filin da yake bazuwa a kai ne yake ta ƙaruwa ta tsawo da ta faɗi a lokaci guda.

A kusa da duniyarmu, kowane murabba'in mita ɗaya da ya fuskanci rana a sararin samaniya yana karɓar kimanin wat 1,360 na haske. Jupita ta ninka nisanmu da rana sau biyar da ɗoriya, kusan kilomita miliyan 778, don haka abin da ke isa can bai wuce wat 50 ba, wato wajen kashi 4 cikin 100 na abin da muke samu. Zuhal ta ninka nisanmu sau tara da rabi, nata rabon kuma kusan kashi 1 ne cikin 100. A Neftun, wadda ta ninka nisanmu sau 30, hasken ɗaya ne cikin 900.

Kuma ba duk hasken da ya sauka ne yake zama wuta ba. Ƙwayar sola ta siliki da aka fara nunawa a ɗakin binciken Bell a 1954 kashi 6 cikin 100 take iya juyawa. Waɗanda ake ɗora wa kumbo a yau hawa uku ne a ɗore, kowane hawa yana kama nasa launin hasken, kuma suna juya kusan kashi 30. Wannan ci gaban ne ya sa abin da ba ya yiwuwa a zamanin kumbon Galileo, wanda aka harba zuwa Jupita a 1989 da janaretan nukiliya, ya zama mai yiwuwa bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Abin da Juno ya tabbatar

Abokina yana magana kamar ba a taɓa gwadawa ba, alhali kuwa an gwada. Hukumar NASA ta harba Juno ranar 5 ga Agustan 2011, ya shiga kewayen Jupita a farkon Yulin 2016, ɗauke da fikafikai uku, kowanne tsawonsa kusan mita 9, an jera musu ƙwayoyin sola 18,698. A kusa da duniyarmu waɗannan farantan za su iya bayar da wat 14,000. A Jupita kuwa abin da suke bayarwa bai wuce wat 500 ba.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Dutsen guga na lantarki guda ɗaya yakan ci wat 1,000 ko fiye. Ke nan kumbon da ya auna maganaɗisun Jupita, ya leƙa ƙarƙashin gajimarenta, ya aiko da hotunan guguwoyin da ke kewaye da ƙuryarta ta arewa da ta kudu daga nisan ɗaruruwan miliyoyin kilomita, yana rayuwa ne a kan wutar da ba za ta isa a goge riga ɗaya da kyau ba. Daga cikin wannan ɗan abin ma, kaso mai tsoka yana tafiya ne wajen ɗumama na'urori da tankunan mai don kada sanyi ya daskarar da su.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙirar farantin ba daga farantin take farawa ba, daga tsimi take farawa. Kafin a tambayi faɗin fiffike, sai an zauna an ƙirga abin da kowace na'ura za ta ci, wacce za a kunna a wane lokaci, wacce za a kashe don wata ta samu, da kuma yadda za a tara wuta a batir na makonni domin a kashe ta cikin 'yan sa'o'in da kumbon yake dab da abin da ya je dubawa. Duk wat ɗayan da aka rage a cikin kumbon, an rage faranti, an rage nauyi, an rage man da za a ƙona wajen juya shi.

Bayan Juno, hanyar ta buɗe. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba JUICE ranar 14 ga Afrilun 2023 da farantai masu faɗin murabba'in mita 85, waɗanda za su ba shi kimanin wat 850 idan ya isa Jupita a 2031. Ga kuma Lucy, wanda ya tashi a Oktoban 2021 zuwa duwatsun da ke bin hanya ɗaya da Jupita a kewayen rana. Abin da aka yi sau huɗu, hukumomi biyu daban-daban suka zuba masa dukiya, ya wuce a kira shi kwalliya.

"Ai sai a ƙara faɗin farantin"

Masu ganin sola za ta iya komai sukan faɗi wannan cikin sauƙi, kamar ƙara faɗi abu ne na ɗinki. Akwai matsaloli da dama a ciki, kuma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce wadda ba a cika ambata ba.

Ƙwayar sola tana son sanyi, domin ƙarfin turawarta yana ƙaruwa idan ta yi sanyi. Sai dai idan tsananin sanyi ya haɗu da ƙarancin haske, halinta yakan canza ta yadda gwajin da aka yi mata a hasken duniya ba zai nuna ba. Kowace ƙwaya tana da ɗan yoyon da wuta ke zurarewa ta cikinsa. Lokacin da haske yake da yawa ba wanda yake kula da shi, kamar yadda ba a kula da ɗan hujin da ke jikin bokiti muddin famfo yana kwarara. Amma idan famfon ya koma ɗigo, wannan hujin zai iya shanye rabin abin da ke shiga. Ƙwayoyi biyu da suka fito daga injin ɗaya, suka ci jarrabawa ɗaya a hasken duniya, sai ɗaya ta yi aiki lafiya a yanayin Jupita ɗayar kuma ta gaza. Tunda kuma a jere ake haɗa su, mai rauni ɗaya takan ja duk layinta ƙasa. Don haka dole a gwada su a cikin sanyi da dusashen haske irin na can, a tace, a ware, kafin a manna su a jikin fiffike.

Sannan ga tiririn Jupita. Maganaɗisunta yana kama ƙananan ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu ya tara su a kewayenta, su kuma suna ratsa ƙwayar sola suna lalata tsarinta sannu a hankali. Ana rufe kowace ƙwaya da ɗan gilashi don kariya, amma kaurin gilashi nauyi ne, kuma idan aka ninka shi sau dubbai sai ya zama kilo masu yawa. Mai ƙira yana lissafi ne da wutar da farantin zai bayar a ranarsa ta ƙarshe bayan ya sha duka, ba ta ranarsa ta farko ba. Wannan tiririn ne ma ya sa aka kulle ƙwaƙwalwar Juno a cikin akwatin ƙarfen titaniyom, aka kuma tsara masa hanya ta saman ƙuryoyin Jupita domin ya riƙa kutsawa ya fice kafin ya jima a inda tiririn ya fi zafi. Shi ma Europa Clipper ba zai zauna a kewayen Yuropa, watan Jupita da zai je dubawa, ba, zai riƙa wucewa ne ta gefensa kusan sau 50 yana ja da baya.

Ga kuma naɗewa da buɗewa. Fiffiken da ya kai tsawon filin ƙwallon kwando dole ya shiga cikin hancin roka a naɗe, ya jure girgizar tashi, sannan ya buɗe da kansa a inda babu hannun da zai taimaka masa. Lucy yana da farantai biyu masu siffar da'ira, kowanne faɗinsa ya haura mita 7, suna buɗewa kamar maficin hannu idan wani ɗan inji ya ja wata igiya. Ɗayan ya buɗe ya kulle, ɗayan kuma ya tsaya saura kaɗan, ya ƙi kullewa. Injiniyoyi suka shafe watanni suna jan igiyar daga nan duniya, har suka haɗa babban injin da na ko-ta-kwana a lokaci guda, daga ƙarshe suka yanke shawarar barinsa haka a ci gaba da tafiya. Kumbon yana aikinsa, amma darasin ya isa: duk ƙarin faɗi ƙarin abin da zai iya maƙalewa ne.

To me ya hana a sa nukiliya a huta?

Wannan ita ce ainihin tambayar abokina, kuma amsarta ba tsoron zanga-zanga ba ce. Amsar ita ce kayan babu su da yawa.

Janaretan da ake magana a kansa ba tukunyar nukiliya ba ce irin ta tashar lantarki. Dunƙulen plutoniyom-238 ne da yake fitar da zafi da kansa yayin da yake ruɓewa, sai a juya wani ɗan kaso na zafin ya zama wuta. Ba ya da abin da ke motsi, ba ruwansa da dare ko rana, kuma sai bayan kusan shekara 88 ƙarfin zafinsa yake komawa rabi. Da shi Voyager 1 da Voyager 2, waɗanda suka tashi a 1977 da kimanin wat 470, suke magana da duniya har bayan shekara arba'in da ɗoriya, duk da cewa suna asarar wajen wat 4 a kowace shekara. Na yarda babu farantin da zai yi wannan.

Sai dai plutoniyom-238 ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba, ƙera shi ake yi. Amurka ta daina samar da shi a ƙarshen shekarun 1980, ta koma saye daga Rasha, daga baya wannan ƙofar ma ta rufe. Sai a 2015 ɗakin binciken Oak Ridge ya sanar da cewa ya sake samar da giram 50, kuma burin da aka sa a gaba shi ne kilo ɗaya da rabi a shekara. Janareta guda irin wanda ke jikin motocin Curiosity da Perseverance a duniyar Mas yana ɗauke da kilo 4.8, yana fitar da zafin wat 2,000, amma wutar da yake bayarwa wat 110 ce kacal.

Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. A ce kumbo kamar Europa Clipper zai wadatu da irin wannan janaretan guda huɗu, tunda zafinsu zai rage masa buƙatar ɗumama. Huɗu sau 4.8 ya haura kilo 19, wato abin da za a yi kusan shekara goma sha uku ana tarawa ko da an cim ma burin da aka sa. An yi nazarin ɗora masa janaretan nukiliya tun farko, daga baya aka zaɓi sola, kuma a ganina an yi daidai. Wanda yake da guzuri kaɗan kuma tafiya tana da nisa ba ya cinye shi a zangon da ake samun abinci a hanya.

Ita kuwa Turai ba ta da nata plutoniyom ɗin ma, shi ya sa masu bincikenta suka karkata ga amerisiyom-241, wanda ba ya bayar da zafi kamar plutoniyom amma ana samunsa a cikin ragowar man nukiliya. Ga hukumar da take cikin wannan halin, faranti ne ya sa zuwa Jupita ya yiwu gaba ɗaya.

Inda abokina yake da gaskiya

Ba zan ɓoye ba, sola tana karɓar haraji, kuma daga aljihun kimiyya take karɓa. Abin da ba na so daga masu tallata ta shi ne yadda suke tsallake wannan.

Kumbon Rosetta na Turai ya tashi a Maris 2004 zuwa tauraro mai wutsiya da ake kira 67P, da farantai masu faɗin murabba'in mita 64. Da hanyarsa ta kai shi kusa da nisan Jupita, wutar ba ta isa ta riƙe shi a farke ba, sai aka kashe kusan komai a Yunin 2011, aka bar agogo da 'yan na'urorin ɗumama. Wata 31 ya yi yana barci ba wanda ya ji ɗuriyarsa, har ranar 20 ga Janairun 2014 da agogon ya tashe shi. Da agogon ya ƙi, da babu abin da kowa zai iya yi.

Ƙaramin kumbon da ya ɗauko, Philae, shi ne ya biya harajin da ya fi ciwo. Ranar 12 ga Nuwamban 2014 ya sauka a kan tauraron, abubuwan da za su kafe shi suka ƙi aiki, ya yi tsalle ya sake yin tsalle, ya je ya faɗa a gindin wani dutse inda rana ba ta leƙawa sai na ɗan lokaci. Batirinsa ya ƙare cikin kwana biyu da rabi. An yi tafiyar shekara goma, inuwar dutse ɗaya ta yanke aikin.

Juno ma ya sha da ƙyar. A 2019 lissafi ya nuna hanyarsa za ta ratsa inuwar Jupita na tsawon sa'a 12, abin da zai zuƙe batirinsa ya bar shi ga sanyi. Sai da aka kunna ƙananan injinansa na sa'a goma da rabi aka karkatar da shi ya tsallake inuwar. A duniyar Mas kuma, wadda ma tana kusa, guguwar ƙura ce ta kashe motar Opportunity a 2018, ƙura ce kuma ta lulluɓe farantan InSight har ya yi shiru a Disamban 2022.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, nisa ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Kumbon da zai zauna a sarari yana fuskantar rana daban yake da wanda zai sauka a ƙasa inda akwai dare da ƙura da inuwa. Ga na biyun, ko a kusa ne, ban ga laifin a ba shi plutoniyom ba. Kuma ai wannan ƙarin dalili ne na kada a ɓarnatar da shi a kan na farkon.

Masu cewa a kori nukiliya gaba ɗaya

Su ma sai su zo mu yi lissafi. Wat 850 ɗin da JUICE zai samu a Jupita daga murabba'in mita 85, a Zuhal sai an shimfiɗa kusan 280 kafin a same shi, a Neftun kuwa wajen 2,800. Ban ce fasaha ba za ta matsa ba. Tun 1998 kumbon Deep Space 1 ya gwada gilasan da ke tattara haske su zuba shi a kan ƙwayoyi kaɗan, kuma yanzu akwai farantan da ake naɗewa kamar tabarma, an ɗora su a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Wataƙila wata rana ƙaramin kumbo mai tsananin tsimi ya kewaya Zuhal da rana. Amma gilashin tattara haske yana buƙatar a saita shi da rana daidai, kuma ba ya ƙirƙirar hasken da bai iso ba.

Tsoronsu na haɗari ba shirme ba ne. A 1964 wani tauraron ɗan'adam na Amurka ya kasa shiga kewayensa, janaretansa ya ƙone a sama ya watsa kusan kilo ɗaya na plutoniyom. Bayan wannan aka canza ƙirar ta yadda kwanson zai jure faɗowa, kuma wanda ya dawo tare da kumbon Apollo 13 a 1970 ya faɗa Tekun Fasifik ba tare da an gano ya yi yoyo ba. Lokacin da za a harba Cassini a 1997 da kusan kilo 33 na plutoniyom an yi zanga-zanga, kumbon kuma ya tafi lafiya ya yi shekara 13 yana kewaya Zuhal. Haɗarin ƙarami ne amma ba sifili ba ne, kuma wannan ma yana goyon bayan abin da nake faɗa: a rage yawan lokutan da ake ɗora shi a kan roka, a bar shi ga tafiyar da ba ta da wata mafita.

Irin waɗannan tafiye-tafiyen kuwa suna nan a layi. Dragonfly, jirgin da zai yi shawagi a Taitan, babban watan Zuhal, zai shiga ƙarƙashin hazo mai kauri inda faranti ba shi da amfani ko kaɗan. A 2022 kuma masana kimiyyar duniyoyi na Amurka sun sa zuwa Yuranus a saman jerin manyan ayyukan da suke so a fara, ita kuwa ta ninka nisanmu da rana sau 19, kuma kumbo ɗaya tak ya taɓa wucewa ta gefenta, Voyager 2 a 1986.

Da na sake haɗuwa da abokina na karanta masa lissafin kilo 19 ɗin nan, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi har yanzu fikafikan ba su kwanta masa ba, domin abu mai tsawon mita 30 da aka rataya a jikin kumbo yana lilo duk lokacin da aka juya shi, kuma lilon yana iya ɓata hoto. Na ce masa wannan gaskiya ne, kuma masu ƙirar sun san da shi, shi ya sa ake jira kumbon ya natsu kafin a ɗauka. Sai ya tambaye ni sa'a nawa ake asara a wannan jiran, muka ɗauko takarda muka fara wani lissafin.